Itacen da Aka Aske wa Gefe Guda

Karnukan tsohuwa Celestine, wadda kowa ke kira Kokum, wato kaka, ne suka fara mutuwa. Ta fito da sassafe da bokitin abincinsu, ta tarar uku sun miƙe sun sandare, sauran suna ta kelaya amai a kan dusar ƙanƙara. Kifin da ta ba su jiya daga ragarta ya fito, wadda take shimfiɗawa ƙarƙashin ƙanƙara a Mashigin Agwagi, ɗaya daga rassan da kogin Athabaska ke rarrabuwa kafin ya faɗa tafki. Kafin hantsi masu tarko suka dawo da nasu labarin. Gafiyoyin ruwa sun baro ɗakunansu sun mace a fili, gashinsu ya cakuɗe da baƙin mai. Duk wanda ya fasa ƙanƙara don ɗiban ruwan shayi, wari ne ya fara tarbarsa.

Garin Amiel bai tsaya tambaya ba. Shekara da shekaru mutanensa na binne 'yan'uwansu suna nuna kudu da yatsa, can saman kogi inda kamfanonin mai suke haƙa. Amma kamfani ba shi da fuskar da za a tofa wa yawu. Ovide Lepine yana da ita. Ɗan gari ne, kuma shi ke tuƙa tankar mai a kan hanyar ƙanƙara duk hunturu, da hular kamfani a kansa. Kafin rana ta raba an fasa gilashin motarsa, an rubuta KARE a ƙofar gidansa, 'ya'yansa sun dawo daga makaranta suna kuka.

Shugaban gari ya sa taro ranar Asabar. Kowa ya san abin da za a yanke: a ƙwace layin tarkon gidan Lepine, wato yankin dajin farautar da suka gada kaka da kakanni, a ce wa Ovide ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Sai dai shugaban ba ya so a ce ya yi hukunci da ka, don haka ya aika a kira Delphine Castor.

Delphine ta haura hamsin. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kuma duk wanda ya ɓace a dajin nan, mutum ko dabba, ita ake kira ta bi sawu.

"Ki nemo mana inda ya zubar," in ji shugaban.

"Inda wa ya zubar?"

"Haba Delphine."

"Sawu nake bi. In suna kuke so, ai kun riga kun rubuta a ƙofa."

Ba don tana son Ovide ta faɗi haka ba. Ta tsani hular nan tasa kamar kowa.

*

Ta sami Kokum Celestine a kwance kusa da murhu, ta lulluɓa da bargo. Tsohuwar ta kurɓi shayin ruwan mashigin kafin ta ankara, ga shi cikinta na ta murɗawa.

"Au, ke aka naɗa 'yar sanda? Zauna. Shayi dai babu, sai in na inji kike so."

"Sannu Kokum. Me kika gani a makon nan?"

"Me zan gani da idon da ko zare ba ya iya sa wa allura? Ji dai na yi. Shekaranjiya da rana babur ɗin ƙanƙara ya wuce sama, yana nishi kamar mai naƙuda. Da ya dawo kuwa sai gudu, kamar an sauke masa duniya."

"Na wa ne?"

"Oho. Duk baburanku kukansu ɗaya, kamar jikokina in sun ga alewa." Tsohuwar ta yunƙura ta kama hannunta. Idonta a bushe yake. "Baƙa ma ta mutu, Delphine. Karyar da ta ja ni zuwa gida ran da guguwa ta rufe ni a tafki. Ki kawo min ɗan banzan nan, ko ɗan uban wane ne. Ina so in ga fuskarsa."

*

Delphine ta hau baburinta ta nausa sama, tana bin mashigin. Iska ta share kusan komai. Amma a inuwar gaɓa, inda iska ba ta kaiwa, ta ga sawun akwatin ja, irin wanda babur ke ja da kaya, har biyu: na tafiya ya nutse sosai, na dawowa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. Sawun tanka kuwa babu. Bana sanyi ya yi wasa, ƙanƙarar mashigin ba za ta ɗauki babbar mota ba.

A ƙarƙashin Jar Gaɓa, inda masu zuwa itace ke yanke hanya, ta hango ɗan itacen sifurus, irin wanda ba ya zubar da ganye da hunturu, kore shar an kafa shi a ƙanƙara. Dokar kogi ke nan: wanda ya huda rami, dole ya kafa itace, kada na baya ya afka. Ta karkata ta wuce ta damansa ba tare da ta rage gudu ba. Sai da ta yi gaba kaɗan ta tsaya, don wani abu ya dame ta.

Bakin ramin raga ba ya rabo da baƙi. Hankaka da yanyawa kan zo cin guntun kifi, su bar sawu birjik. Nan kuwa wata yanyawa ta nufo wurin, ta tsaya, ta yi kwana ta koma.

Delphine ta sauka da daginta, ta ture dusar da aka tara da shebur. A ƙarƙashi ƙanƙarar ta yi baƙi ƙirin. Rami ne babba, yankan zarton inji, kuma saboda ruwa na gudu a wurin, abin da ya sake daskarewa bai kai kaurin tafin hannu ba. A gefe ga zoben gindin ganguna, ga ɓarɓashin shuɗin fenti. Wari ya buge ta har sai da ta tofar da yawu.

Ta daɗe a tsaye tana huci. Wani ya tsaya a nan da rana tsaka, ya tuntsurar da ganga bayan ganga cikin ruwan da uwarsa ta yi masa wanka da shi.

Ba ta gaya wa kowa ta sami wurin ba. Halinta ne, ba ta magana sai sawu ya ƙare.

*

Shuɗayen ganguna a wuri ɗaya suke a garin: bayan gidan injin wuta, inda ake tara baƙin man da aka juye, ana jiran hanya ta yi ƙarfi a fitar da shi. Mai kula da injin, Wilfred, ya tarbe ta yana goge hannu da tsumma, yana kallon ko'ina ban da fuskarta.

"Gangunanka sun cika, Wilfred?"

"To... sun ɗan ragu."

"Da kansu suka fita yawo?"

"Ke dai bari. Kwaɗon ƙofar ne ya daskare tun farkon sanyi, na bar shi a buɗe. Wa zai saci baƙin mai, don Allah? Miya za a yi da shi?"

Ta leƙa akwatin jansa da ke jingine a bango. Duk mai ne a jikinsa.

"Kai, kar ki kalle ni haka! Ni komai nawa mai ne, har matata ta ce matashin kaina ma warin inji yake. Ki je wurin Ovide. Shi aka ɗora wa kwashe su, ya ce wai ƙanƙara ba ta yi ƙwari ba, ba zai ɗauka ba. In sun ɓace, wa ya huta?"

Maganar ta zauna, kuma hakan ya ƙara ɓata wa Delphine rai.

*

Da yamma ta biya gidan yayanta Ambrose, kamar yadda ta saba tun rasuwar matarsa. Louisa ta yi jinya mai tsawo, ciwo ya cinye ta har ta koma kamar yarinya, kuma tun daga ranar Ambrose bai sake zama ba. Shi ke jagorantar masu fafutukar ruwa. Ya je birni ya fi a ƙirga, ya yi magana a gaban manya har muryarsa ta dushe. Kullum amsa ɗaya: an auna ruwan, ba a ga abin tashin hankali ba.

Ya zuba mata miyar naman daji, ya tura mata gurasa.

"Ranar Litinin masu awon ruwa za su sauka," ya ce. "Bari mu ga bakin da za su ce ba komai wannan karon. Su zo su sha, in sun isa."

"Kafin Litinin akwai Asabar, Yaya."

"Shirme ne wannan. Na gaya wa shugaba su ƙyale Ovide, ɗan aike ne kawai. Daga sama abin nan ya gangaro, daga wurin masu haƙa. Ke ma ki daina wahalar da kanki a cikin sanyi."

"Ba sa jin ka. Jiya an jefi ƙaramar 'yarsa da ƙanƙara."

Ambrose ya ajiye cokali. Ya tashi ya ƙara itace a murhun da bai buƙaci itace ba.

"Za su huce," ya ce, bai juyo ba.

*

Washegari ta sami Ovide a ƙofar gidansa yana kankare fentin da wuƙa. Harafin farko kawai ya iya cirewa.

"An turo ki ki ɗaure karen?"

"Ina kake ran da babur ya hau mashigi da kaya?"

"Ina layin tarkona. Ni kaɗai. Ki tambayi gafiyoyi, in kin sami mai rai." Ya nuna ta da wuƙar. "Man da nake kawowa shi ke ɗumama ɗakunanku. Da shi ake kunna injin asibiti. Ku ƙona shi da daddare, da safe ku kira ni kare. Yanzu kuma layin kakana kuke so? Sai dai ku binne ni a kai."

"In ka huda rami, da me kake sa alama?"

Ya dube ta kamar ta zautu. Ya shiga rumfa ya fito da ƙunshin jan ƙyallen roba irin na ma'aikatan hanya, ya jefa mata a ƙafa. "Da wannan. Kowa na min dariya a kai. Ni ba ni da lokacin saran itace."

Wannan ba hujja ba ce, ta sani. Mai son ɓoye kansa zai iya saran itace rana ɗaya. Ta kama hanyar gida ta kan tafki, ranta a jagule, gobe Asabar kuma ba ta da komai sai ɓarɓashin fentin da zai ƙara rataye Ovide.

A tsakiyar hanya ta ci karo da wata alamar, itacen da wani ya kafa a bakin ramin ragarsa. Ta taka birki. Ta sauka, ta shiga bubbuga ƙanƙara da dagi don ta san ta wane gefe ramin yake, kamar yadda kowa ke yi.

Sai dagin ya tsaya a hannunta.

A Jar Gaɓa ba ta tsaya ba. Ba ta bubbuga komai ba. Ta wuce ta dama a guje, kamar an riƙe mata hannu. Wa ya gaya mata ramin a hagu yake?

Ta juya babur. Da ta isa, ta durƙusa a gaban itacen ta dube shi da kyau. An aske rassansa na gefe guda tas, daga sama har ƙasa, gefen da ke kallon ramin. Ta ji muryar mahaifinsu kamar yana tsaye a bayanta, da gatarinsa da tabarsa: *Inda ganye yake, nan rai yake. Inda babu, kar ki taka.* Ba al'adar gari ba ce, dabararsa ce shi kaɗai, kuma 'ya'yansa kawai ya koya wa. Su uku ne. Ɗaya yana maƙabarta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga dagi ta sari ƙanƙarar gindin itacen, tana sara tana zagi, har ya fita.

*

Zauren taro ya cika maƙil ranar Asabar, tagogi duk sun yi gumi. Ovide na zaune a gaba shi kaɗai, kujerun gefensa babu kowa. Wilfred ya rakuɓe kusa da ƙofa. An kawo Kokum Celestine an zaunar da ita da bargonta. Ambrose na tsaye yana roƙon mutane su jira Litinin, ana ta yi masa ihu.

"A kore shi kawai!"

"Ya je kamfanin su ba shi ɗaki!"

Ƙofa ta buɗe. Delphine ta shigo tana jan itacen a ƙasa, ƙanƙara na zuba daga gindinsa. Ta ratsa tsakiyar mutane ta yar da shi a gaban teburin shugaba.

"Ba daga sama man nan ya gangaro ba," ta ce. "Baƙin man gidan wuta ne. An ɗauke shi a akwatin ja, an yanka rami, an juye. Wilfred, ka san itacen nan?"

"Ni? Itace dai itace ne."

"Ovide?"

"Wa ya yi masa wannan mugun aski?"

Wasu suka yi dariya. Delphine ba ta yi ba. Ba ta kuma kalli yayanta ba.

"A bakin ramin na ciro shi," ta ce. "Tun jiya."

"Kika cire?"

Muryar Ambrose ce, ta fito da ƙarfi kafin ya iya tare ta. Ya yo kanta, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kin haukace ne? Kika bar rami ba alama tun jiya? Ƙanƙarar Jar Gaɓa ko kare ba za ta ɗauka ba, ga masu zuwa itace na bi ta nan da 'ya'yansu a baya! Haka Baba ya koya miki?"

Sai a lokacin Delphine ta juyo ta dube shi.

"Ban gaya wa kowa a Jar Gaɓa ramin yake ba, Yaya."

 Ya dubi itacen, ya dubi gefen da aka aske, ya ga abin da hannunsa ya yi ba tare da ya shawarce shi ba.

"Mutum biyu ne a duniya ke aske alama haka," ta ce wa jama'a. "Ni da shi. Ku zaɓa."

"Ambrose?" in ji shugaban. "Kai?"

"Ni ne!" Ya juyo ya fuskance su, idonsa jawur. "Ni ne, sai me? Shekara nawa muna shan gubarsu kaɗan-kaɗan? Su zo da kwalabensu masu tsabta, su ɗiba, su tafi, su ce lafiya lau. Louisa ta mutu lafiya lau! Mijinki, Agnes, lafiya lau ya mutu! Na ce bari sau ɗaya, sau ɗaya tak, kwalbar ta koma musu baƙa, ko duniya za ta waiwayo. Na ɗauka ruwa zai janye shi ƙasa da gari. Ban san zai taru a mashigi ba."

"Ba ka sani ba."

Kokum Celestine ce. Ta miƙe da sandarta, ta ture hannun da aka miƙo mata, ta tako har gabansa.

"Ni na karɓi haihuwarka, Ambrose. Da ruwan mashigin nan na wanke ka. Sunkuyo in ga fuskar."

Ya sunkuyo. Ta daɗe tana kallonsa.

"Su can ba su san sunan karyata ba. Kai ka sani. Har kifi ka taɓa ba ta da hannunka." Ta tofar da yawu a gefen takalminsa. "Tir."

Wata mata ta fashe da kuka a baya. Wani dattijo ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Shi ke nan. Yanzu duk wanda muka binne, za su ce mu muka kashe abinmu." Nan fushin zauren ya juya, ya rasa inda zai sauka. Wasu na zagin Ambrose. Wasu kuwa Delphine suke harara, har wani ya ce da ta yi shiru zuwa Litinin ai da ba a rasa komai ba.

"Ba a rasa komai ba?" Ta nuna Ovide. "Wannan fa? 'Ya'yansa fa? Ko su ma lafiya lau ne?"

 Shugaban ya yi gyaran murya ya ce maganar layin gidan Lepine ta mutu, sauran kuma sai hukuma ta zo.

Ovide ya tashi a hankali, ya sa hularsa. Ya tsaya a gaban Ambrose.

"Kana tsaye kana ce musu su ƙyale ni, kai mai kirki. Ka san an fasa wa 'yata goshi?" Ya ciro wuƙar kankara daga aljihu, mutane suka ja da baya, sai ya ajiye ta a kan tebur. "Saura harafi uku a ƙofata. Ka kankare su kafin hukuma ta zo ta tafi da kai."

Ya fita bai kalli kowa ba, har Delphine.

Mutane suka watse da guna-guni. Aka bar su biyu a zauren, da itacen a tsakaninsu, ƙanƙararsa ta narke ta yi ɗan tafki a daɓe, da shuɗi-shuɗin mai yana yawo a kai. Ambrose ya zauna a kujerar da Ovide ya bari. Ya tsufa a yini ɗaya.

"Delphine." Bai ɗago ba. "Ramin fa? Da gaske kin bar shi haka?"

Ta ja safar hannunta ta sa. Ta so ta ƙi amsawa, ya kwana da abin a ransa.

"Na kafa wani kafin in taho. Na aske shi yadda Baba ya koya mana."

Ya sauke ajiyar zuciya, har kafaɗunsa suka saki. Wannan ajiyar zuciyar ce ta fi komai ƙona mata rai.

"Ka tuna da masu bi ta saman ƙanƙara, Yaya," ta ce. "Masu shan ruwan da ke ƙasa fa, wa ya kafa musu itace?"

Ta ɗauki daginta ta fita cikin sanyi.